Yadda Ake Renon Furannin Dangin Abarba a Zafin Yamai

Ta farko da na saya wata biyu kacal ta yi a hannuna. Ganyenta kore shar, sumul kamar an shafa masa mai, ga wani jan kai a tsakiya kamar harshen wuta. Na ɗauko ta daga wajen masu sayar da furanni na bakin kogi, na juye ta cikin ƙatuwar tukunya cike da ƙasar lambu da taki, na ajiye ta tsakar gida inda rana ke wuni, ina yi mata ban ruwa safe da yamma kamar tumatir. Ran nan na kama ganyen tsakiya zan share masa ƙura, sai ya biyo hannuna, gindinsa ya ruɓe har yana wari. Da na koma na ba dattijon da ya sayar mini labari, dariya ya yi. Ya ce, "Malam, ai da alheri ka kashe ta. Wannan ba ta ƙafa take sha ba, ta ka take sha." Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa mini tun ranar?" Ya ce ban tambaya ba.

Sunan wannan dangi buromeliya, an samo shi daga sunan wani likita masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Olof Bromelius. Sun haura iri 3,000, kuma dukansu ƴan nahiyar Amurka ne, daga kudancin ƙasar Amurka har Ajantina, in ban da guda ɗaya tak, Pitcairnia feliciana, da ke fitowa a kan duwatsun ƙasar Gini, nan Afirka ta Yamma. Wadda kowa ya sani a cikinsu ita ce abarba, ko anana kamar yadda wasu ke kiranta a kasuwanninmu. Ita ma baƙuwa ce: daga Kudancin Amurka ta fito, kuma sai a 1493 Turawa suka fara ganinta, lokacin da Kolumbus ya sauka a tsibirin Gwadalup.

Da yawa daga cikinsu a can gida ba a ƙasa suke zaune ba. Kan rassan itatuwa suke maƙalewa, amma ba irin zaman kauci ba, don ba sa tsotsar komai daga jikin itacen. Saiwarsu ta riƙo ce kawai. Ganyayen ne ke haɗuwa a tsakiya su yi ƙoƙo, ruwan sama ya taru a ciki tare da busassun ganye da kashin tsuntsaye, daga nan suke ci suke sha. Wanda ya riƙe wannan a ransa, sauran bayanin da ke tafe duk zai zo masa da sauƙi.

Zaɓen iri: ka taɓa ganye kafin ka ciro kuɗi

A Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, iska ta bushe ƙayau. A Tahoua bushewar ta ma fi haka, ruwan saman kuma bai kai na Yamai ba. Mafi yawan waɗannan furanni sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 30. Ke nan rabin aikin a wajen saye ake gama shi, kuma ba sai ka haddace sunayen Latin ba. Kai dai taɓa ganyen. In ya yi kauri da tauri, gefensa da ƙaya, ko kuma yana da farin gari-gari kamar an barbaɗa masa toka, zai iya da mu. In kuwa laushi gare shi, kore mai sheƙi, babu ƙaya, to ɗan gidan sanyi ne.

Abin haushin shi ne masu laushin su suka fi ɗaukar ido, su ne kuma aka fi shigowa da su. Guzmania ita ce mai jan kai ko rawaya kamar tauraro, irin wadda na kashe. Vriesea kuma furenta a baje yake kamar takobi, wata ma ganyenta da ratsin baƙi-baƙi. Waɗannan biyun ba zan ce kada ka saya ba, amma ka san ƴan ɗaki ne, kusa da taga mai haske, kuma a bazara sai ka yi musu hidima kamar jinjiri. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar farawa da su.

Wadda na fi yarda da ita ita ce Aechmea fasciata, ƴar Burazil. Ganyenta faffaɗa ne mai tauri da ratsin azurfa, in ta tashi fure sai ta fito da dunƙulen kai ruwan hoda mai tsini-tsini, da ƴan ƙananan furanni shuɗaye a tsakaninsa. Furannin kwana kaɗan suke yi, amma kan yakan yi watanni bai kwanta ba. Tana jure mantuwa, tana jure ƙura, kuma ba ta rowar ƴaƴa. Bayanta sai Billbergia, mai tsayuwa kamar bututu. Furenta bai fi mako ɗaya ko biyu ba, wannan ne aibinta, amma wajen taurin rai ba ta da na biyu, kuma nan da nan take cika tukunya. Neoregelia ita kuma ba don fure ake ajiye ta ba, don furenta ƙanana ne a nutse cikin ruwan ƙoƙo. Adonta a ganye yake: in lokacin fure ya gabato sai tsakiyarta ta rine ja wur. Tana son haske sosai, in inuwa ta yi mata yawa sai launin ya gudu ta koma kore kamar kowa.

Akwai na ƙasa zalla. Cryptanthus ƴar ƙarama ce, a shimfiɗe take kamar tauraro, ba ta da ƙoƙon tara ruwa, ita kam ta saiwa take sha kuma tana son ƙasa mai ɗan danshi. Dyckia kuwa ƙaya ce tun daga sama har ƙasa, ta saba da duwatsu da rana, ita ce za ta fi dacewa da mutumin Tahoua da ke auna ruwa da jarka. Sai dai kada a ajiye ta inda yara ke guje-guje. Sai kuma Tillandsia, masu rayuwa ba ƙasa ba tukunya, waɗanda zan zo kansu can gaba.

A wajen saye, leƙa cikin ƙoƙon ka sunsuna. In ka ji wari, ajiye. Ka ɗan ja ganyen tsakiya a hankali, ya kamata ka ji ya riƙe gam. Ka kuma duba gindi ko akwai ƴaƴa da suka fara tsirowa, don mai goyo ta fi marar goyo daraja ko da furenta ya fara dushewa.

Ka fara koyo da kan abarba

Kafin ka zuba kuɗi a furen da aka yo oda daga waje, yi gwaji da abin da kullum ake zubarwa a bola. Abarbar da ake kawo mana daga ƙasashen gaɓar teku, irin doguwar nan mai farin ciki ta yankin Alada a Benin ko mai jan ɓawo, kowace da tukunta a ka, kuma wannan tukun shuka ne cikakke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, in ƙasa ta huce iska ta yi laushi. In ya wuce ka, jira Oktoba ko Nuwamba. Kada ka soma a bazara.

Zaɓi abarbar da tukunta ke kore, tsakiyarsa ba ta bushe ba kuma ba a ƙwaƙule ta ba. Riƙe abarbar da hannu ɗaya, ka kama tukun da ɗayan ka murɗe, zai fita da ɗan gindinsa. In da wuƙa ka yanke, to ka gyare duk naman da ya maƙale, don shi ne ke fara ruɓewa ya jawo tururuwa. Daga nan ka ɓare ƙananan ganyayen ƙasa ɗaya bayan ɗaya har gindin ya fito tsirara kamar santimita 2 zuwa 3. Za ka ga wasu ƴan ƙuraje masu ruwan ƙasa a jikinsa, saiwoyi ne ke jiran ƙasa.

Kada ka dasa a ranar. Kifa shi a inuwa, gindi sama, ya sha iska har ciwon ya bushe. Da rani kwana biyu sun isa, da damina ka ba shi huɗu ko biyar. Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne suka fi yin asara. Wasu kan tsoma gindin cikin kofin ruwa har saiwa ta fito. Ana dacewa, amma a zafinmu ruwan kofi kan yi yauƙi cikin yini biyu, shi ya sa na fi son dasawa kai tsaye.

Dasa shi cikin ƙaramar tukunya, ka binne gindin da ka ɓare kawai, kada ƙasa ta shiga tsakiyar ganye. Danna ƙasar ta riƙe shi, in yana layi ka tokare shi da tsinke biyu. Zuba ruwa sau ɗaya ya jiƙa, ka kai shi inuwa mai haske, sa'an nan ka ƙyale shi sai ƙasar ta bushe. Bayan mako shida zuwa takwas ka ɗan ja shi. In ya yi gardama, saiwa ta kama. Ganyayen waje za su bushe, wannan ba komai ba ne, kai dai idonka na kan tsakiya inda sabon ganye ke fitowa. In ya yi wata shida, mayar da shi cikin jarka mai lita 20 da aka yanke aka huda gindinta, ko ka sa shi a ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya.

Daga tuku zuwa abarbar ci, shekara biyu ne zuwa uku, kuma guda ɗaya za ta ba ka, wadda da wuya ta kai ta kasuwa girma. Wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta ji haka cewa ta yi, "Kai ɗan nan, shekara biyu a kan abarba ɗaya? Ba gara ka ba yaro kuɗi ya sayo maka ba?" Gaskiyarta. Amma a cikin waɗannan shekarun za ka ga duk halin dangin da idonka, ba tare da ka yi kukan kuɗinka ba.

Tukunya da abin da za a zuba ciki

Tukunya ƙarama ta fi. Saiwarsu ba ta da yawa, in ka ba ta babban gida sai ƙasar da ba ta kai gare ta ba ta riƙe ruwa ta ruɓar da gindi. Babbar Aechmea ma tukunya mai faɗin santimita 15 ta ishe ta. Ta yumɓu ta fi ta roba nesa ba kusa ba, don tana numfashi, tana sanyaya saiwa, kuma nauyinta kan hana iskar hadari kifar da shukar. Matan Bubon, can gefen kogi a hanyar Tilaberi, sun shahara da ginin tukwane, kuma ana samun nasu a cikin gari. Ka tabbata dai an huda gindin, in ba a huda ba ka huda da ƙusa a hankali bayan ka jiƙa tukunyar. Baƙar tukunyar roba a ranar Afrilu kuwa tanderu ce.

Haɗin da nake yi ga masu ƙoƙo: kashi ɗaya ɓawon kwakwa da aka daddatsa kamar girman goro, kashi ɗaya gawayi da aka farfasa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, sai ɗan ruɓaɓɓen ganye kamar cikin tafi biyu. Ɓawon kwakwar a jiƙa shi kwana biyu ana sauya ruwa, saboda yakan zo da gishiri. Gawayin a wanke shi tas. Toka ba ta shiri da wannan dangi, don ƙasa mai ɗan tsami suke so, toka kuwa kashe tsamin take yi, sai ka ga ganye na yin rawaya. In kwakwa ta yi wuya, buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da ya kwana biyu zai yi, amma ka ɗora tukunyar kan bulo don gara na son su. A gindin tukunya a shimfiɗa tsingaro. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: zuba ruwa kofi ɗaya, in bai fito ta ƙasa ba kafin ka ƙirga goma, ƙara gawayi da tsakuwa.

Abarba, Dyckia da Cryptanthus, tunda na ƙasa ne, a ƙara musu ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki kamar kashi ɗaya cikin uku. Laka dai a kiyaye ta. Kuma kowace iri ce, kada a zurfafa dashe. Inda ganye ya fara, nan ƙasa za ta tsaya.

Inda za ta zauna

Abin da littattafan Turai ke kira rana cikakkiya, ba ranarmu suke nufi ba. A nan har abarba da Dyckia suna son a kare su daga ranar azahar a bazara. Wuri mafi kyau shi ne gabashin ɗaki, inda hantsi zai same ta zuwa ƙarfe goma, daga nan inuwa ta rufe. Gindin dogon yaro ko mangwaro ma ya yi, inda haske ke ratsowa ɗigo-ɗigo. In babu itace, rumfar zana ta wadatar. A nisanta ta da bangon siminti na yamma da kuma rufin kwano, don suna amayar da zafi har bayan isha.

Ita da kanta za ta gaya maka. Farin tabo ko ruwan ƙasa a tsakiyar ganye, kamar an ɗora dutsen guga, ƙunar rana ce, kuma ba ya warkewa. Ganye ya yi tsawo siriri yana faɗuwa, launi ya koma kore mai duhu, haske ne ya yi kaɗan. In za ka matsar da ita zuwa rana, yi shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Awaki kuma ba su san tsada ba.

Ban ruwa, da maganar sauro

Ruwa a ƙoƙo ake zubawa, ya cika ya malala tsakanin ganyaye ya ɗan sauka cikin tukunya. Ƙasar kuwa sai ka tura yatsa ka ji ta bushe kafin ka jiƙa ta. Da damina wataƙila ba za ka taɓa ta ba sam, sai dai ma ka kula kada tukunyar ta zauna cikin ruwa. A bazara za ka iya jiƙa ta duk bayan kwana biyu, ƙoƙon kuma ka duba shi kullum da safe. A Disamba da Janairu, in dare ya yi sanyi har wajen digiri 15, rage ruwan ƙoƙo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ruwan sama ya fi kowane. Ka bar ruwan farko ya wanke rufi, sa'an nan ka tara a jarka mai murfi. In na famfo ne, ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai barin farin tabo a jikin buta zai bar irin wannan tabo a gindin ganye, ya toshe ƙofofin da shukar ke sha ta cikinsu, don haka a gauraya shi da na sama in akwai. Kada kuma a zuba ruwan da ya wuni a rana cikin tiyo ko jarka. Haka nan ruwan da ke cikin ƙoƙo in rana ta buge shi kai tsaye zafi yake yi ya dafa zuciyar shukar, wanda shi ne babban dalilin neman inuwar azahar.

Yanzu ga abin da ba zan ɓoye ba. Ƙoƙon nan ruwa ne kwantacce a tsakar gida, kuma sauro na ƙwai a cikinsa. A tsibirin Tirinidad, cikin shekarun 1940, an gano cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a gonakin koko cikin buromeliyar da ke kan itatuwan inuwa yake hayayyafa. Sauron zazzaɓinmu na nan ya fi son kududdufi, amma mai ratsin fari da baƙi da ke kawo zazzaɓin dengi irin wannan ɗan ruwa yake nema. A zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai ne zuwa goma. Saboda haka duk bayan kwana biyar, ko aƙalla sau ɗaya a mako, karkata tukunyar ka zubar da ruwan ƙoƙon duka a kan busasshiyar ƙasa, ka ɗauraye da sabo da ƙarfi har tsakanin ganyaye, sa'an nan ka sake cikawa. Ni ranar Juma'a da safe na tsayar don kada in manta. Wannan ɗaurayar ita ce kuma ke fitar da ƙurar hunturu da ke taruwa ta zama taɓo. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya tsaya kan abarba, Dyckia da Cryptanthus, waɗanda ba sa tara ruwan kirki. Kada a ɗiga mai ko kananzir a ƙoƙo da sunan kashe tsutsa, shukar za ta riga tsutsar tafiya.

Tsallake bazara

Ba zafin kaɗai ke kisa ba, bushewar iska ce. Alamarta bakin ganye ya bushe, ko ganyen ya naɗe kamar tabarma. Tara tukwanen wuri ɗaya su yi wa juna inuwa, in da hali kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi kullum. Shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsu kana yayyafa masa ruwa. Fesa wa ganyen ruwa da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya, ban da tsakar rana.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce tukunya cikin tukunya, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a shekarar 2000. Ka sa tukunyar furen cikin wata babba ta yumɓu, ka cika tsakaninsu da yashi, kana jiƙa yashin. Ruwan na fita ta jikin yumɓun yana tafiya da zafi, saiwa ta zauna cikin sanyi ba tare da ta jiƙe ba.

Taki kuwa kaɗan ne, kuma da damina kawai. In na kanti ne mai narkewa a ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalin, sau ɗaya a wata, a fesa a ganye ko a zuba a ƙasa. Kada a jefa ƙwayar takin zamani cikin ƙoƙo, ƙone tsakiyar take yi. Abarba ce kawai mai ci da yawa a gidan.

Fure sau ɗaya, sai goyo

Nan ne mutane ke jefar da dukiyarsu. Kusan dukan waɗannan furanni sau ɗaya kowace uwa ke fure a rayuwarta. Bayan nan ba za ta sake sabon ganye ba, za ta yi ta ja da baya a hankali, wata shida, shekara, wani lokaci fiye. Ba ciwo ba ne kuma ba laifinka ba ne. A wannan lokacin ne take fitar da ƴaƴa daga gindi. Dyckia ce ta fita daban, don furenta ta gefe yake fitowa, uwar kuma ta ci gaba da rayuwa.

In kan furen ya bushe, yanke shi daga can ƙasa da wuƙa mai tsabta, ka ci gaba da kula da uwar yadda ka saba. Bar ɗan ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tsawon uwar, gindinsa ya yi tauri, ƙoƙonsa ya fara buɗewa. In ka cire shi da wuri zai daɗe yana fama, in ka bar shi ya girma sosai uwar ba za ta ba da ƴaƴa da yawa ba. Zare shukar daga tukunya, ka kawar da ƙasa har ka ga inda suka haɗu, ka goge wuƙa da alkol, ka yanke dab da jikin uwar. Ko ɗan bai da saiwa ko ɗaya zai kama. Barbaɗa garin gawayi a ciwon, ya sha iska yini ɗaya a inuwa, ka dasa shi sama-sama ka tokare da tsinke don kada ya riƙa motsi, saboda motsi ke hana sabuwar saiwa kamawa. Zuba ɗan ruwa a ƙoƙonsa. Mayar da uwar tukunyarta, sau da yawa takan sake wani goyon. Ɗan zai kai fure cikin shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon iri. Billbergia da Neoregelia kuwa ko ba a raba su ba sun fi kyau a cunkushe, sai dai a cire uwar in ta bushe.

In shuka ta girma ta ƙoshi amma ta ƙi fure, akwai dabara. Nunannen tuffa na fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke tayar da furen wannan dangi. Zubar da ruwan ƙoƙo, ka sa tukunyar cikin babbar leda tare da tuffa ɗaya ko biyu, ka ɗaure baki, ka bar ta kwana bakwai zuwa goma. Fure kan leƙo bayan mako shida zuwa goma sha huɗu. Amma a Yamai wannan aikin sanyi ne, Disamba ko Janairu, kuma cikin inuwa sosai. Ka yi shi a Afrilu, dambu za ka tarar. Manoman abarba da sinadarin kabayid na masu walda suke yin wannan, amma yana ƙuna kuma iskarsa na kama wuta, ba na tsakar gida ba ne. Abarba kada a matsa mata sai ta yi ganye manya kamar 30, in ba haka ba ɗan da za ta haifa, wato abarbar ci, bai fi dunƙulen hannu ba. Daga fure zuwa nuna wata biyar ne zuwa shida, kuma in ɗan ya fara girma a tattaro dogayen ganyen a ɗaure su a kansa don kada rana ta ƙone gefe ɗaya.

Masu zama a iska

Tillandsia sun fi iri 600. Ba sa son ƙasa ko kaɗan, ta farin gari-garin da ke jikin ganye suke shan ruwa. Nemi masu launin azurfa irin su xerographica da ionantha, ka bar koraye masu laushi. Ɗaure su jikin busasshen reshe da zaren roba, ko ka ɗora su kan tsakuwa. Kada ka ɗaure da wayar lantarki da aka feɗe, don jan ƙarfe guba ne ga dukan dangin, haka ma duk maganin feshi da aka haɗa da shi.

A ƙasashe masu laima fesawa kawai ta ishe su. A nan ba ta isa ba. Tsoma su cikin kwanon ruwa minti 20 zuwa 30, sau biyu a mako, sau uku in hunturu ya tsananta ko a bazara. Da safe ake yi, don da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, jiƙaƙƙen ganye kuwa ba ya shaƙa. In ka tsamo su ka kakkaɓe, ka kife su a inuwa mai iska su bushe cikin awa huɗu. Ruwan da ya kwana a gindinsu shi ke kashe su. A wajenmu su ne suka fi wahala, kuma in tafiya ta kama ka ta mako biyu a watan Afrilu, sai ka bar wa wani amanarsu.

In ka ga wani abu ba daidai ba

Wani farin abu kamar auduga a maƙale tsakanin ganye ƙwaro ne mai tsotsa, kuma tururuwa ce ke kiwonsa, don haka in ka ga tana hawa da sauka ka bincika. Akwai kuma masu kama da ƴan ƙuraje masu tauri a bayan ganye. Duka biyun a goge su da auduga da alkol, a maimaita bayan mako guda, a ware tukunyar daga sauran. A guji maganin feshi mai maiƙo, har da man dogon yaro da ke yi wa sauran shuke-shuke amfani, saboda yana liƙe ƙofofin ganyen. Farin garin jikin Aechmea kuwa ba datti ba ne, kada a sa tsumma a goge shi. In ƙura ta yi yawa a watsa ruwa kawai.

In tsakiya ta yi laushi tana wari, kamar tawa ta farko, zare duk abin da ya ruɓe, ka zubar da ruwan, ka ɗauraye, ka barbaɗa garin gawayi, ka kwantar da tukunyar a gefe a inuwa ta bushe mako guda. Uwar ba za ta sake yin kyau ba. Amma matuƙar gindin na da tauri in ka matsa shi da yatsa, kada ka zubar. Tayar da ita, ka riƙa ɗan jiƙa ƙasar kawai, ka ba ta wata biyu kana leƙa ƙarƙashin ganyen ƙasa, don ta nan goyon ke ɓullowa.